Su Wane Ne Mazan Da Ke Cikin Tsoffin Tallan Tufafin Turawa?

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da tsoffin tallan kwat da shat na Amurka a intanet. Mazan ciki duk kamar 'yan gida ɗaya, ga faɗin kafaɗa, ga gashi a kwance. Mutanen gaske ne ko zane kawai?

Amsa: Duka biyun ne, ɗan'uwa. A farkon ƙarni na 20 yawancin tallan mujallu da hannu ake zana su, amma sai mutum ya zauna a gaban mai zane.

Wanda ya fi shahara shi ne mutumin kwalar Arrow. A lokacin kwalar riga daban take, mai tauri ce da sitati, ana maƙala ta da maɓalli, in ta yi datti a cire ta a wanke, rigar na nan. Kamfanin Cluett, Peabody na garin Troy a jihar New York, mai yin kwala mai suna Arrow, ya ba mai zane J.C. Leyendecker aikin zana tallansa, kuma fuskar da ya fi amfani da ita ta Charles Beach ce, wani ɗan Kanada da ya zauna tare da shi har mai zanen ya rasu a 1951. Dubi zanen da kyau. Haɓa a ɗage, ido ba ya kallonka, kwalar ta fi komai haske. Mata sun riƙa aika wa wannan fuska wasiƙun soyayya, alhali sunan Beach bai fito a tallan ba. Wannan rashin ambaton yana damuna, don da fuskarsa kamfanin ya yi kasuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya maza suka koma ga riga mai kwala a ɗinke, tallan ya yi ta ja baya.

Da hoto ya maye gurbin zane sai salon ya sauya. A 1951 mai tsara tallace-tallace David Ogilvy ya ɗaura wa Baron George Wrangel baƙin ƙyalle a ido ɗaya don tallan rigunan Hathaway a mujallar The New Yorker. Idonsa lafiya lau. Dabarar ita ce mai karatu ya tsaya yana tambayar me ya sami bawan Allah nan, kafin ya ankara ya karanta sunan rigar.

Tallan da ya fito da jikin namiji fili ya zo daga baya, a 1982, lokacin da kamfanin tufafi na Calvin Klein ya kafa hoton ɗan wasan tsalle da sanda Tom Hintnaus, sanye da kamfai kawai, a dandalin Times Square na birnin New York.