Amsa ga ɗan'uwan da ke bin wani manomi bashi, manomin kuma ya mayar da gonarsa sunan ɗansa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka da kyau. Ka ce kana bin wani manomi a Ingila kuɗin abincin dabbobi, da ka matsa masa sai ka ji ya sayar wa ɗansa wani ɓangare na gonar a kan kuɗin da bai kai rabin darajarta ba, sauran kuma ya ba matarsa haya, ga banki a gefe yana cewa shanu da injuna duk jinginarsa ne. Kana tambaya ko kuɗinka ya tafi ke nan. Ni ba lauya ba ne, amma na daɗe ina aikin karɓo bashi a wani kamfanin sayar da kayan noma a can, kuma irin wannan takarda ta sha biyowa ta teburina.

Canza suna a takarda ba ya kashe magana. Sashe na 423 na dokar karayar arziki ta 1986 don wannan aka yi shi. Abu biyu kotu ke dubawa: an bayar da dukiyar kyauta ko a ƙasa sosai da darajarta, kuma an yi hakan da nufin a nisantar da ita daga masu bin bashi. Ba sai an ayyana mutumin a matsayin wanda ya karye ba, kai da abin ya cutar kana iya shigar da ƙara da kanka. Ba kuma dole ne a ce guje wa bashi shi kaɗai ne nufinsa ba. Ko ya rantse cewa dama yana son ya bar wa yaro gado tun yana raye, in guje maka na cikin abin da ya nufa, ya isa. In kotu ta gamsu, tana iya mayar da gonar inda take.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Tun 1571 Ingila ke da doka a kanta, kuma shari'ar Twyne ta 1601 a kan tumaki aka yi ta. Wani mai suna Pierce ya ba Twyne dukiyarsa duka a ɓoye alhali wani na ƙararsa a kan bashi, amma tumakin suna hannunsa, shi ke sausayarsu, shi ke sa musu alamarsa. Kotu ta ce wannan yaudara ce. Har yau abin da nake fara tambaya ke nan: bayan "sayarwar", wa ke kan tarakta da safe? Wa ke sa hannu a takardar karɓar taki? Na taɓa ganin gonar da aka ce ta koma hannun ɗa, amma uban ne ke kiran waya yana odar iri, lambar asusunsa ce a kan rasit, ɗan kuma yana wani gari yana aikin ofis. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ka tara su, da ranakunsu, musamman ranar da ka aika wasiƙar neman kuɗinka da ranar da aka yi cinikin. In kwana kaɗan ne tsakaninsu, lauyanka zai yi murmushi.

Maganar hayar matar ita ce mutane ke rainawa, alhali ta fi sayarwar wayo. Za su ce maka ai tana biyan kuɗin haya daidai da kasuwa, ina ragin yake? An yi wannan gardamar a shari'ar Woodward, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 1994. Wani manomi mai suna Woodward ya ci bashin fam 700,000 da jinginar gonarsa, ya kasa biya, sai ya ba matarsa hayar gonar a cikakken farashi. Amma gonar da ta haura fam miliyan ɗaya in babu kowa a cikinta, da mai haya da ba a iya fitarwa ta faɗo ƙasa da rabin haka. Kotu ta ce matar ta samu abin da ya wuce kuɗin hayar: ta tsare gidan iyali da sana'arsu, ta kuma samu damar riƙe wuyan mai bin bashi har sai ya biya ta kafin ta tashi. Aka soke hayar. Sai dai ka duba irin hayar, domin waɗanda aka ƙulla a ƙarƙashin dokar hayar gonaki ta 1995 ba su da kariya mai ƙarfi kamar ta tsohuwar dokar hayar gonaki ta 1986 da Woodward ya fake da ita.

Yanzu ga ɓangaren da ba zai yi maka daɗi ba. Ko an dawo da gonar, ba kai ne a gaban layi ba. Jinginar ƙasa daban, tana rubuce a ofishin rajistar filaye, kowa na iya biyan ɗan kuɗi kaɗan ya ga takardar. Jinginar shanu, amfanin gona da injuna kuma daban, a ƙarƙashin dokar lamunin noma ta 1928. Banki kaɗai ake iya ba irin wannan, kuma dole a yi mata rajista cikin kwana 7 da sa hannu, in ba haka ba ba ta da ƙarfi a kan kowa sai manomin kansa. In kuwa kamfani ne ke riƙe da gonar, rajistar kamfanoni za ka duba, wa'adin can kwana 21 ne. Kada ka yarda da "banki ya ce". A bincika rajistar. In jinginar tana nan daram kuma bashin bankin ya cinye darajar komai, to za ka kashe kuɗin lauya ne ka yi wa banki aiki. Na ga wanda ya ci shari'a ya fita ba komai a hannunsa.

In ka ji an ba wani ɗan'uwansa sabuwar jingina a kan tsohon bashi, wannan wata ƙofa ce. Tun shari'ar MC Bacon ta 1990 ake cewa bayar da jingina ba sayarwa da rahusa ba ne, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta nuna shakku a kan haka a 2006. Hanya mafi sauƙi ita ce a kira shi fifita wani mai bin bashi a kan saura, amma wannan sai an ayyana manomin ya karye, kuma wanda aka naɗa ya kula da dukiyarsa ne zai bi. Yana iya komawa baya wata 6, ko shekara 2 in dangi ne. A kan ciniki mai rahusa kuwa har shekara 5 yake iya waiwaya.

Da ni ne kai, wannan makon zan ciro takardun rajistar duka, in lissafa abin da zai rage bayan banki, sannan in je wurin lauya da su a hannu. In akwai saura, a nemi hukunci a kan bashin, a ɗora shi a kan abin da ya rage da sunansa. In kuma ka ji ɗan yana neman mai saye, ka gaya wa lauya ranar nan ya nemi kotu ta hana taɓa gonar, domin in ta faɗa hannun baƙon da ya biya cikakken kuɗi bai san komai ba, doka na kare shi. Allah ya fitar maka da haƙƙinka.