Amsa ga ɗan'uwan da ƙafar bayan sabon kekensa ta fara rawa

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka sayi sabon keken dako a Garwa don jigilar jarkokin ruwa da buhuna, ko wata bai rufa ba ƙafar baya ta fara rawa, sifok biyu, wato wayoyin ƙafar, sun tsinke, feda ɗaya tana ƙas-ƙas, kana tambaya ko jabu aka sayar maka, kuma nauyi nawa ya kamata ka riƙa ɗora masa. Wallahi raina ya sosu da na karanta, don ciwon nan na san shi. Ka kwantar da hankalinka, kuɗinka ba su halaka ba. Amma tun yau ka sauke masa kaya, ko jarka ɗaya kada ka ƙara ɗorawa sai an gyara ƙafar nan.

Mafi yawan lokaci keken lafiyarsa ƙalau, haɗin ne na ha'inci. Kekunan nan masu taya 28, na Sin ne ko na Indiya, a wargaje suke zuwa cikin kwali, a kasuwa ake harhaɗa su. Mai shago yana biyan yaro kan kowane keke da ya tayar, shi kuwa yaro sauri yake yi ya kama na gaba. Sai a ɗaure sifok iya yadda ƙafar za ta miƙe a ido, a lakato giris kaɗan a shafa, wani wurin ma a bar boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ƙafa da feda ke juyawa a kansu, a bushe, a goge fenti yana sheƙi a jingine maka. Abin da ya fi ƙona mini rai, sun san me za ka yi da shi. Sun ga kana ƙwanƙwasa kariya, sun ji ka ce ruwa za ka ɗauka, amma ba mai cewa bawan Allah ka kai a sake ɗaure maka. In ka koma da kuka a ce kai ka yi masa lodi fiye da ƙima. Mutum ya tara sefa da gumin goshi, wani bashi ya ci, wani akuyar matarsa aka sayar, sannan a bar shi a gefen kwalta da ƙafa a lanƙwashe, jarkoki sun fashe, ruwa na bin ƙasa, rana tsaka, masu babur na wucewa suna kallo, ga masu jiran ruwa a gida da ka riga ka yi wa alkawari. Wanda bai tura mataccen keke da kaya a zafin watan Afrilu ba ba zai gane abin da nake faɗi ba. Hakkin nan yana wuyansu, Allah ya isa.

To, ga abin yi. Nemi tsohon mai gyaran keke wanda ya iya ɗaurin ƙafa, ba kowane mai faci ba, ka zauna a gabansa har ya gama. Sifok ba ya tsinkewa don an ɗaure shi da ƙarfi, sakwarkwacewa ce ke kashe shi. Duk juyin da ƙafa ta yi, wanda ya zo ƙasa sai ya saki, ya hau sama ya ɗame, haka har wuyansa ya gaji ya karye daga inda ya lanƙwasa a jikin hob, wato cibiyar ƙafar. Ɗaya na tafiya nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa, shi ya sa ka ga na biyu ya bi shi. A canja waɗanda suka tsinke, a bi sauran duka a ɗaure kaɗan-kaɗan, kwatan juyi kowanne, ana zagayawa. Kai ma ka iya gwadawa: matsa su biyu-biyu da yatsu, ko ka ƙyasta su da sifana, wanda ya saki muryarsa a dushe take. In na ɓangaren firiwil, haƙoran da sarƙa ke hawa a baya, ne ya tsinke, dole a kwance firiwil kafin sabo ya shiga, kada ka yarda a lanƙwasa shi a cusa. In aljihu ya yarda, a sake saƙa ƙafar bayan gaba ɗaya da sifok mai kauri, lamba 13 ko 12 maimakon 14, ko da za a ɗan buɗa ramukan hob. Bayan an gama a duba cikin rim, duk kan sifok da ya leƙo a goge shi da zarto, a shimfiɗa roba a kai, in ba haka ba tiyub zai riƙa hujewa ta ciki kana zargin ƙaya.

Tunda an kwance, a buɗe hob na gaba da na baya da tukunyar feda, inda sandar fedoji ke juyawa a cikin firam, a wanke da kananzir a cika da giris. Ka ƙirga boris da idonka. Yawanci na baya tara ne a kowane gefe, na gaba goma ƙanana, na tukunya goma sha ɗaya. Ana samun wanda aka rage masa tun daga haɗi. Kwan, wato notin da ke danne boris a hob, shi kuma a matse shi yadda ƙafa za ta juya ba tsaiko, kuma in ka girgiza ta gefe da gefe ba ta motsi, sannan a kulle da noti na biyu.

Ƙas-ƙas ɗin feda kotafin ne ya saki, wato ƙusar da ke riƙe kiranki, hannun da feda ke jikinsa, kada ka taka shi a haka ko zuwa bakin titi, ramin kiranki zai cinye sai ka sayi sabo. Da guduma ake shigar da kotafin, a tokare kiranki ta ƙasa da guntun bututu don bugun kada ya sauka kan boris. Notin nan ƙarami na jikin kotafin riƙewa kawai yake yi, wanda ya ce zai ja kotafin da shi zare zai tsinke. Kotafin na dama da na hagu su kalli sashe daban-daban, in ba haka ba fedojin ba za su daidaita a layi ɗaya ba. Kuma fedar hagu zarenta a juye yake, yara da yawa sun lalata ta wajen kwancewa.

Maganar nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka huɗu masu lita 20 sun haura kilo 80, ka haɗa da nauyin jikinka, kusan duka a kan ƙafar baya. Ni a ganina huɗu ya isa ga keken da ba a ƙarfafa ba. Na san za a ce wane yana ɗaukar shida, gaskiya ne, amma ka tambaye shi aksul nawa ya canja. Ka fara da biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a rataye ƙasa-ƙasa, ka je fili ka koyi tashi da tsayawa da kwana kafin ka shiga cikin motoci. Kaya ya zauna daidai saman aksul ko ya ɗan matso wajen sirdi. In ya zarce baya, gaban keken sai ya yi sakayau, ranar da ka hau tudu ya ɗaga sama da kai. Jarka a cika ta fal, rabin jarka ruwan yana kai-komo yana fizgar keke a kwana. Buhu kuma a ɗaure shi da robar tsohon tiyub ta fuska biyu, ka tabbata bakin robar bai lilo kusa da sifok ba.

Af, kafin in manta, rasit. Ka sa a rubuta lambar firam a kai, tana nan a buge a ƙarƙashin sirdi ko ƙasan tukunya, ka ɗauki hotonta a waya. Sabon keke a bakin kasuwa ido yake ja, ranar Lahadi a kasuwar Fitowa in cunkoso ya yi kada ka juya baya ka bar shi ba kwaɗo. Sarƙar kwaɗon ta bi ta cikin firam ta kama ƙarfe ko itace, makullin nan na jikin ƙafa bai hana a ɗauke shi cak.

Kariya za ka so a ƙara mata rodi, kowa yana yi, amma kada mai walda ya kai wuta jikin firam. Bututun siriri ne, wuta na cinye shi, daga baya ya tsage a gefen waldar. A yi kariyar daban a ɗaura da kusa da noti. Kada kuma ka loda kaya keke na tsaye kan jak shi kaɗai, jingina shi da bango ko wani ya riƙe maka.

Birkin sanda a kan rim na ƙarfe, da kaya, ba ya tsayar da kai nan take, in ruwan sama ya jiƙa shi kuwa kamar babu. Ka riƙa kama shi tun daga nesa, biyun tare. Dubi gidan robar birkin, gefensa ɗaya a toshe yake, wannan gefen ne zai kalli gaba, in aka juya shi robar za ta zare ta fice lokacin da ka fi buƙatarta. A gangara mai tsawo ka sauka ka riƙe shi, ba abin kunya ba ne. Manyan motocin auduga in sun taho, sauka daga kwalta ka ba su hanya, iskarsu kaɗai tana jefar da mai kaya.

Iska kuma kullum da safe ka duba, ka bi adadin da aka rubuta a gefen taya. Taya mai laushi da lodi tana matse tiyub a jikin rim, alamarsa huji biyu kusa da juna. In iska na zurarewa a hankali, ɗiga yawu a bakin bawul kafin ka biya kuɗin faci, sau da yawa 'yar robar ciki ce zafi ya dafa. Kada ka ajiye shi a rana. Saboda tsidau da ƙayar aduwa, wasu suna yanke bakin tsohuwar taya su shimfiɗa ta cikin sabuwa, yana ƙara nauyi amma yana rage faci sosai.

Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar faɗin yatsa, ba ɗamau ba. Don Allah ka bar baƙin man da aka juye daga inji, datti ne a cikinsa, ƙurar hunturu ta hau kai ya riƙa cin haƙora. Wanke da kananzir, ɗiga sabon man inji kaɗan, goge na waje da tsumma. In tashi da kaya yana yi maka nauyi a gwiwa, canja firiwil mai haƙora 18 zuwa 20 ko 22, a ƙara wa sarƙa gaɓa. Gudu zai ragu, amma gwiwarka da kotafin za su huta.

Bayan gyaran nan da mako biyu ka sake komawa a bi sifok da kotafin, sabon ɗauri sai ya zauna. Ka turo mana hoton hob ɗin baya da yadda aka ɗaura ƙafafun kariyar, in a kan aksul suka zauna akwai abin da zan ƙara faɗa maka. Allah ya sa albarka a sana'ar, ya tsare hanya.