Zobo ne da mangwaro, Yaya, ba abin da kike zato ba

Yaya, saƙonki a kan hotunan bikin ƙanwarmu ya iso, kuma gaskiya ya sosa mini rai. Wai kofunan nan masu ƙanƙara ja da ruwan ɗorawa, ko zaman Yamai ya sa mun fara shan abin Nasara? Subhanallahi. Zobo ne da mangwaro da tsamiya, da hannuna na haɗa su, babu ɗigon giya a ciki.

Ki zo garin nan a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ki ga ko ruwan randa zai ishi baƙon da ya shigo miki da azahar. Shi ya sa duk mai babban firigo take haɗa abin sha da yawa a tashi ɗaya, ta daskarar, ta riƙa ɗiba.

Zobon ba na dafa shi har ya yi baƙi. Jiƙa shi nake da ruwan zafi tare da citta, kanumfari da ɓawon abarba, in tace, in zuba sukari tun da sauran ɗumi. A wurin sukarin nan aikin yake. Turawa giya ce ke hana nasu sandarewa, mu kuwa sukari ke yi mana wannan aiki: in ya yi kaɗan abin ya zama dutse, in ya yi yawa ya ƙi kamawa. Kuma sanyi yana danne zaƙi, don haka sai ya ɗan fi na sha nan take. A leda nake ɗurawa in kwantar da ita falan-falan, ta fi saurin kamawa da sauƙin fasawa. Gora kuwa ba a cika ta, ruwa kumbura yake yi idan ya daskare. Mangwaro yanka shi nake in daskarar, ranar biki in niƙa shi da zobon, ba sai na sa ƙanƙarar ruwa ta salamce shi ba. Lemun tsami sai za a sha ake matsawa.

Mun sha wuya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana har zuwa Maris 2024. Da azumi a nan layi ake yi wajen mai ƙanƙara, a naɗo ta cikin buhu a rugo gida kafin ta narke. Ban ji wani daga Kano ya kira ya tambayi yadda muke ba a lokacin.

Na san abin da ke ƙarƙashin tambayarki: angon Bazabarme ne. To, nawa mijin ma haka. Uwarsa ce ta koya mini lemu-hari, na lemun tsami da citta, kuma matar nan ba ta taɓa barin Alhamis ta wuce ta ba azumi ba. Tun da Kaka ya zo fatauci ya sauka a Zango, da su muke maƙwabtaka, da su muke jana'iza. Wa kike so mu aura?

Yarana suna Zabarmanci a titi, Faransanci a lakwal (makaranta), Hausa a gida. An yi wa ƙanwarmu kamu, an sa lalle, an kai gara, tsofaffi sun yi mata faɗan zaman aure har ta yi kuka. Fiye da rabin mutanen Nijar Hausawa ne, daga Maraɗi zuwa Damagaram zuwa Tawa, kuma a 2025 Hausa aka ayyana harshen ƙasa. Amma duk sanda na zo Kano na ce firigo ko kuran (firji da wutar lantarki ke nan), sai a kalli juna a yi murmushi.

In za ki gwada, fara da tsamiya, ta fi jure ajiya. Kunun aya kam kina gama tacewa ki kai shi sanyi, don ba ya ɗaukar jira, nan da nan yake tsami.