Amsa kan takalman gudu masu tsada

Malam, ka tambaya ko takalman gudu masu tsada suna da amfani na gaske ko talla ce kawai. Amfanin yana nan, kuma an auna shi. A ɗakin gwaji ana ɗora ɗan tsere kan injin gudu, a rufe masa hanci da baki da na'urar auna iskar da yake shaƙa, sannan a riƙa sauya masa takalma ba tare da an sauya saurinsa ba, domin a ga wanne ya fi rage masa wahala. Ta haka masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Amurka suka gano a 2017 cewa Vaporfly na kamfanin Nike, mai soso mai kauri da farantin kabon (wani siririn faranti mai ƙwari marar nauyi) a tafinsa, yana rage ƙarfin da jiki ke kashewa da kusan kashi 4 cikin 100. A 2020 hukumar guje-guje ta duniya ta ƙayyade cewa kaurin tafin takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40.

Sai dai an ƙera irin waɗannan takalman ne don kwalta da ranar gasa, kuma sosonsu bai jure tsakuwa. Matasanmu masu atisayen asuba a duwatsun Jos sun fi buƙatar takalmi mai ƙwarin tafi, wanda aka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, aka bar sarari mai faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsun ƙafa.