Amsar murya: kulle disk da abin da Windows ke tanada wajen tashi

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da yamma. Ƙanena mai shagon buga takardu a wajen Jami'ar Abdou Moumouni, na saurari saƙonka. Ka ce ka kulle disk na biyu, wato D, inda kake ajiye takardun mutane, da VeraCrypt, manhajar kulle disk, kana tambaya ko kullewar ce ke sa inji nauyi wajen tashi, kuma ko akwai abin da ke zubewa waje. To, ta biyun ce ta fi damuna.

Maganar nauyi gajera ce. Tun wajen 2010 yawancin injuna masu Intel suna da AES-NI, wata dabara a cikin kwanyar injin, wadda ke warware kulle da saurin da ba ka ma ji. In naka yana jan ƙafa, ka fara duba ko tsohon disk ne mai juyawa, ka sa mashi SSD, irin disk ɗin da ba ya juyawa kuma ya fi sauri.

Yanzu ka bi ni a hankali. Tun Windows XP, a 2001, akwai Prefetch. Yana lura da abin da kake yawan buɗewa, ya rubuta, don gobe ya jawo shi da wuri, kamar mai shayin da ya san masu zuwa da asuba, ya ɗora buta kafin su iso. A ina yake rubutawa? A kan C, wato disk ɗin da Windows ke zaune a kai. Sunan manhajar da ka buɗe, lokacin da ka buɗe ta, har da sunayen wasu fayilolin da ta taɓa. Kai kuwa D ka kulle, C yana nan a buɗe. Ka gane?

Sai babban. Daga Windows 8, a 2012, aka kawo abin da injunanmu masu Faransanci ke rubutawa Démarrage rapide. In ka danna Arrêter, injin bai mutu gaba ɗaya ba. Yana kwashe wani sashe na ƙwaƙwalwarshi ya zuba cikin fayil mai suna hiberfil.sys, shi ma a kan C, don ya tashi da sauri. In disk ɗinka yana buɗe a lokacin, makullin kanshi zai iya shiga cikin wannan fayil. Masu VeraCrypt da kansu suna gargaɗi a kan haka. Wallahi abin yana tsaya mani a rai, don akwai takardun haihuwa da difloma na bayin Allah a hannunka, amana ce. Ranar da ka kai injin gyara, ko ɓarawo ya ɗauke shi ya nufi kasuwa, C za a fara leƙawa.

Abin yi, ka shiga Options d'alimentation ka cire alamar Démarrage rapide, kuma kullum ka rufe disk ɗin daga cikin VeraCrypt kafin ka kashe inji. Wanda ya fi, ka kulle C ɗin shi ma. In Windows ɗinka Pro ne, BitLocker, manhajar kulle disk ta Windows, yana ciki, sai duk abin da aka tanada ya zama a kulle. Amma don Allah, lambar ceto mai alƙaluma 48 da zai ba ka, ka rubuta a takarda ka kai gida. Kuma kada ka fara sai batir ya cika, kun san halin kuran, wato wutar lantarki, a Yamai lokacin zafi. In ka maƙale, turo hoton allon nan cikin gurup, in na dawo daga sallar isha'i zan duba.