Maganin farfaɗiya da jaririn da bai yi kuka ba

Ɗana, jiya bayan la'asar muna cikin lissafin kayan da suka iso ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da ka karanta, cewa maganin farfaɗiya yana kare ƙwaƙwalwar jaririn da ya rasa iskar oksijin wurin haihuwa, kuma idan haka ne, me ya sa na hana magidancin nan da ya zo daga Bodinga ko ƙwaya ɗaya. Jama'a sun yi yawa a kantin maganinmu a lokacin, shi ya sa na ce ka dakata sai na zauna na rubuta maka.

Sai ka fara sanin abin da ke faruwa a cikin kan jaririn. Idan naƙuda ta yi tsawo, ko mabiyiya ta ɓalle kafin lokacinta, ko cibiya ta matse, jinin da ke kai iska ƙwaƙwalwa yakan ragu. Ɓarnar kuma hawa biyu ce. Wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sukan mutu nan take, sannan bayan an farfaɗo da yaron sai abin ya lafa na kamar awa 6, har iyaye su ɗauka sauƙi ya samu, daga nan sai ɓarna ta biyu ta taso ta yi kwana biyu zuwa uku tana ci. A wannan zagayen wani sinadari mai suna gulutamet, wanda ƙwayoyin suke aika wa juna saƙo da shi, yakan taru fiye da kima, ya yi ta zaburar da su har sinadarin kalsiyam ya kwarara cikinsu ya hallaka su. Galibi a lokacin ne jijjiga take bayyana, kuma a jariri ba lallai ta girgiza jiki duka ba. Wani sa'in tsotsar baki ce kawai, ko kafewar ido, ko ƙafafu su riƙa motsi kamar mai tuƙa keke.

Daga nan masu bincike suka yi tunani mai ma'ana: tunda aikin maganin farfaɗiya shi ne kwantar da ƙwayoyin da suka zabura, watakila idan aka ba da shi da wuri, kafin jijjiga ta fara, zai rage ɓarna ta biyu. Wanda aka fi gwadawa shi ne fenobabiton, tsohon magani da aka fara ba masu farfaɗiya a Jamus tun 1912. Wani ƙaramin gwaji da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna yaran da aka ba shi da wuri sun fi lafiya da suka kai shekara uku, amma yaran kaɗan ne ƙwarai. Da aka tattara gwaje-gwajen aka auna su tare a 2016, sai aka ga yana rage jijjiga, amma bai rage mutuwa ba, kuma babu isasshiyar hujja cewa yana hana nakasa daga baya. Akwai kuma abin da ke ba ni tsoro: gwaji a kan 'ya'yan ɓeraye ya nuna shi kansa yana iya kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ba ta gama ƙwari ba.

Sai aka koma kan wani maganin farfaɗiyar, tofiramet, wanda yake toshe wasu ƙofofin da gulutamet ke bi. A jikin dabbobi ya yi abin a yaba. A Italiya an gwada shi ga jarirai 44 tare da sanyaya jiki, sakamakon ya fito a 2018, ya nuna bai cutar da su ba, amma bai rage mutuwa ko nakasa mai tsanani ba. Ka riƙe wannan, domin za ka yi ta cin karo da irinsa a sana'armu: abin da ya yi aiki a jikin ɓera sau da yawa yakan zo kan ɗan Adam ya gaza.

Sanyaya jikin da na ambata shi ne saukar da zafin jikin jariri zuwa digiri 33.5 na tsawon awa 72, a fara cikin awa 6 na farko. Ya yi amfani a ƙasashe masu cikakkun ɗakunan kula da jarirai. Amma gwajin da aka yi wa jarirai 408 a Indiya da Sri Lanka da Bangaladash, wanda ya fito a 2021, ya nuna bai rage jimillar waɗanda suka mutu ko suka nakasa ba, mace-mace ma ƙaruwa suka yi. Don haka kada ka taɓa cewa iyaye su sa wa jariri ƙanƙara ko ruwan randa. Haka kuma, a zafin Sakkwato, ka gargaɗe su kada su dunƙule shi cikin barguna kusa da kaskon wuta, saboda zafin jiki idan ya wuce kima ƙara ɓarnar yake yi.

Yanzu ga mutumin Bodinga. Ka ga yadda hannunsa yake rawa yana cewa ungozoma ta ce yaron bai yi kuka ba sai da aka daɗe, kuma tun dare ya ƙi kama nono. Fenobabiton har yau shi ne maganin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri mai jijjiga, amma likita ne yake lissafa shi bisa nauyin yaron, a ba shi ta jijiya, ana lura da numfashinsa, domin yana sa barci mai nauyi kuma yana iya danne numfashi. Da mun ba shi ƙwaya ya je ya niƙa a cokali, yaron zai yi shiru, uwa ta ce ya samu barci, alhali awoyin da suka rage masa suna wucewa. Ban da haka, ƙarancin sukari a jini ko cutar da ta shiga jini su ma suna kawo jijjiga, kuma babu mai gane su daga bayan kanta.

Shi ya sa na rubuta masa 'yar takarda da lokacin haihuwa da abin da ya faɗa mana, na tsayar masa da ɗan kabu-kabu, na ce ya ɗauko mai jego da jaririn a mota su wuce kai tsaye ɗakin jarirai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan irin wannan ya zo ba na nan, ka tambaye shi ƙarfe nawa aka haihu, ko yaron ya yi kuka, ko yana tsotso, ka rubuta, ka tura shi, sannan ka kira ni a waya.