Kumburi Mai Mugunya a Kan Yaro: Maruru Ne Ko Makero?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 8 ya yi wani kumburi mai taushi a tsakar kai, yana tsiyayar mugunya ta ƙananan ramuka, gashin wurin kuma yana zubewa. Ya sha antibayotik har sau biyu babu sauƙi, yanzu ana ba ni shawarar a tsaga wurin. Mene ne wannan?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Sai an duba yaro ido da ido ake yanke hukunci, amma bayaninki ya yi kama ƙwarai da abin da likitocin fata ke kira keriyon, wato makeron kai da ya yi tsanani. Ƙwayar fangas ce ke shiga cikin jijiyar gashi, garkuwar jikin yaron ta yaƙe ta da ƙarfi, wurin ya kumbura kamar maruru, sau da yawa har da kaluluwa a bayan wuya. Shi ya sa antibayotik bai yi aiki ba, domin bakteriya yake kashewa. Ina roƙonki kada ki bari a tsaga shi, saboda yankan ba ya kawar da cutar, sai dai ya ƙara rauni da tabo.

Abin da ya kamata shi ne a ciro 'yan gashin wurin tare da ɓawon fata a duba su da madubin likita, a kuma shuka su a ɗakin gwaji don a ga irin fangas ɗin da zai tsiro, ko da yake sakamakon shukar kan ɗauki makonni, don haka likita yakan fara magani tun kafin ya fito. Man shafawa kaɗai ba ya isa cikin gashi, dole sai maganin sha: girisiyofulbin na mako 6 zuwa 8, wanda ya fi shiga jiki idan an haɗa shi da abinci mai maiƙo, ko tabinafin na kimanin mako 4, gwargwadon nauyin yaro da irin fangas ɗin. Ki guji man da ke ɗauke da sitiroyid, wato sinadarin rage kumburi da ƙaiƙayi, domin yana ɓoye alamu alhali cutar na ci gaba.

A duba 'yan'uwansa, a ware masa nasa mataji, hula da matashin kai, a kuma duba kyanwa, kare ko ɗan maraƙi idan yana wasa da su. Gashi yakan dawo idan an yi magani da wuri, amma jinkiri na iya barin sanƙo na dindindin a wurin.